Inda Sawu Ya Ƙare

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai yawan zargi, wanda ko ruwa aka miƙo masa sai ya tsare mai miƙowa da ido. Da satar shanu ta yi yawa a ƙasarsa, sai ya kafa doka cewa duk gidan da sawun dabbar sata ya ƙare a ƙofarsa, hannun mai gidan za a yanke, ba tambaya.

Ana nan sai bajimin sarki ya ɓace. Dogarai suka bi sawu har ƙofar wani masaƙi mai suna Ɗantani, suka ɗaure shi, aka tsayar da ranar Asabar za a yanke masa hannu. Sarki kuwa ko dogaran nasa bai yarda da su ba, don haka ya aiki Korau, tsohon mai bin sawu, ya je ya tabbatar.

Korau ya tsuguna a ƙofar masaƙin, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Sawu ya zo ya tsaya cak, daga nan ƙasa a share take tas. Ƙofar ma ko jaki da kaya ba zai shige ta ba. Tun da yake bai taɓa ganin ɓarawon da ya share sawun fita ya bar na shiga gidansa ba. Tausayin Ɗantani ya kama shi. Amma ya san halin sarki, magana ba ta shiga kunnensa sai abin da ya gani da ido.

Ran Alhamis Korau ya zo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, saniyar maƙwabcina ta bar turkenta, na kuwa bi sawu har inda ya ƙare."

Sarki ya ce, "A ƙofar wa?"

Ya ce, "Bakina ya yi kaɗan, sai dai sarki ya taka ya gani."

Sarki ya dube shi da wutsiyar ido, ya tashi. Suka bi sawu ta bayan kasuwa, sai ga shi ya ƙare a ƙofar fada ta baya, ƙasa a share tas.

Korau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga sawu, ga doka. Hannun wa za a yanke?"

Sarki ya murtuke fuska, ya ce, "Makirci ne. Wani ya jawo ta."

"Ni na jawo ta, ya sarki, da rana tsaka, dogaranka na inuwa suna dara. Igiya da tsintsiya kawai na riƙo. In tsoho mai ciwon gwiwa ya iya yi wa fada haka, wa zai kasa yi wa masaƙi?"

Sarki ya daɗe yana duban hannunsa na dama, kunya ta rufe shi. Ya sa aka kwance Ɗantani, ya soke dokar, ya ce, "Sawu inda aka bi yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya ja igiya. Hannun da aka yanke bisa zato kuwa, nadamar sarki ba ta mayar da shi."