Tafin Hannun Marka

Tun kafin a san kwalekwale a wannan yanki, lokacin da bakin kogin nan duhuwa ce da ciyawar burgu, akwai wasu maharba da ba ruwansu da giwa ko ɓauna. Su tsuntsun ruwa suke nema, kirinjijiya da dinya. Da ƙafa suke bin gaɓa idan kogi ya kawo, har su iske lungun da agwagin dawa ke sauka. Sai ɗaya ya kifa ƙwarya mai hudar ido a kansa, ya shiga ruwa har wuya, ya ratsa cikin tsuntsaye yana janyo su ta ƙafa, su kuwa suna zaton ƙwarya ce ruwa ya kwaso. Amma ruwan damina ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ake ɗaura wa mai shiga igiyar rama a ƙugu, abokinsa ya tsaya a tudu ya riƙe. Ran mai ƙwarya yana hannun mai igiya, ko yaro ya san haka.

A cikinsu babu kamar Ranau. "Ranau na ƙarƙashin ƙwarya, kogi ya san ka, tsuntsu bai san ka ba!" Haka ake yi masa kirari. Mai riƙe masa igiya shi ne Nomau, amininsa tun ƙuruciya. Mai tufka igiyar kuwa ƙanwar Ranau ce, Marka, wadda ya raina da hannunsa bayan iyayensu sun rasu.

Wata shekara kogi ya cika ya tumbatsa. Suka fita su biyu, Nomau ya dawo shi kaɗai, da ƙatuwar dinya a kafaɗa, yana rusa kuka. Ya ce ruwa ne ya fizge igiyar daga hannunsa. Jama'a suka yarda, har da masu ba shi haƙuri.

A zaman makoki Marka ta kawo masa ruwan sha, ya miƙo hannu biyu ya karɓa. Sai ta ga tafukansa sumul, ko ƙwarzane babu. To ita ke tufkar ramar nan, ta san idan ruwa ya ƙwace ta a hannun mutum sai ta tafi da fata. Nan take ta gane abin da ya faru: dinya ce ta sauka kusa da shi, ya ajiye igiya ya ɗauki kere ya jefe ta. Kai, jama'a! A ba da mutum irin Ranau saboda naman tukunya ɗaya!

Ta ce, "Yaya Nomau, hannunka ya warke da wuri."

Bai ƙarasa shan ruwan ba. Kafin a share makoki ya tattara nasa ya nasa, ya bi kogi ya yi gabas.

Marka ta tufka sabuwar igiya, ta naɗe ta a kafaɗa, ta rantse ba kitso ba lalle sai ta sake ganin tafukan nan. Ta bi gaɓa da ƙafa, cikin taɓo da ƙaya da sauro, zuciyarta na tafasa. Damina ta wuce, wata ta zo. Tsofaffi sun ce garken kirinjijiya ne ke tashi a gabanta suna fito, inda suka sauka nan take yada zango, wai don Ranau bai taɓa kama uwa mai 'ya'ya ba. Ni dai haka na ji, kuma ban ga dalilin musu ba.

Ta iske Nomau a wani zangon maharba, inda kogi ya matse tsakanin duwatsu yana ruri. Ya yi ƙiba, ya yi suna, har ana ba shi tabarma. To maharba suna da wata al'ada: idan mai igiya ya rasa abokinsa, dangin mamaci na da ikon su riƙe masa igiya sau ɗaya, wanda ya ƙi shiga kuwa ya amsa laifin kisa ke nan. Marka ta jefa igiyar a gabansa.

"Ni ce ƙanwar Ranau. Na zo riƙona."

Nomau ya dubi kogi, ya ce, "Haba Marka, ruwan yau ba na shiga ba ne."

"Ran nan ma haka yake. Ai yayana ya shiga."

Dattawan zango suka ce, "Al'ada ce, Nomau. Tashi."

Aka ɗaura masa igiyar a ƙugu, ya kifa ƙwarya, ya shiga. Bai kai ga tsuntsaye ba ruwa ya ɗebe masa ƙafa, ƙwarya ta yi nata wuri, igiya ta miƙe tana ƙara. Marka ta kafe diddige a ƙasa. Rama ta shiga cin hannunta, jini na bin igiya, amma ko gezau. Mace ɗaya, da kogi guda, ta riƙe!

"Ja ni, Marka! Don girman Ranau, ja ni!"

"Me ya raba ka da igiyar yayana?"

"Dinya ce! Na ce yanzun nan zan dawo in ɗauka!"

Duk wanda ke gaɓar ya ji da kunnensa. Marka ta ƙara riƙewa, har sai da ya ɗago kai ya dube ta sosai.

Ta ce, "Ka gani? Ana iya riƙewa."

Sannan ta buɗe hannuwanta, ta ɗaga su sama, jajur, kowa ya gani. Kogi ya ƙarasa sauran.

Babu wanda ya ce mata don me. A nan ta kafa bukka, maharba suka taru a kanta suna kiranta Marka ta Ranau, mai hannun da ba ya ƙarya. Yatsunta ba su sake dunƙulewa ba har ta mutu, ba ta kuma ƙara tufkar igiya ba. Zangon ya zama ƙauyen da ake ce wa Gaɓar Marka.

Har yau a can, idan maharba sun hauro daga kogi, babu mai tambayar abin da aka kamo. Sai mai igiya ya fara tsayawa a bakin gari, ya buɗe tafukansa biyu a gaban jama'a, sannan a bar shi ya shiga.