Kunnen Hagu na Ɗan Barmani

Ku gyara zama. Kai mai danna waya, ajiye ta. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai, yau ku zan danƙa wa ita.

A unguwarmu an yi wata mata, Barmani. Mijinta Sallau mai gyaran rediyo ya rasu ya bar mata yaro guda, Ilu. Wasiyyarsa ɗaya ce: a sa yaron nan a makarantar kuɗi ta ƙwarai, kada ya tashi yana dangwala yatsa a takarda kamar ubansa. Ilu ɗan fari ne, ga shi sunan surukinta ya ci. Kun dai san al'ada. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ɗaga maganarsa a gaban dangin miji. Amma Allah ya sani, ranta a kansa yake. Ita kaɗai ta lura cewa tun da sanƙarau ya kwantar da shi, kunnensa na hagu ya mutu. Ka yi masa magana ta dama, sarai yake ji. Ta hagu kuwa, kamar da bango kake.

Namadi, wan marigayin, shi ya ɗauki wasiyyar a ka. Ya rufe shagonsa na walda ya bi gari makaranta makaranta, har takalminsa ya cinye. Ya ga wadda malamai ke sayar da alewa a aji, ya ga wadda fenti ne kawai. Akwai wata ƙarama kusa da gida mai karɓar kowa, ya ce ɗan ƙaninsa ya fi ƙarfinta. Ya zaɓi wadda duk garin aka sallama mata a karatu. Ita kuwa sau ɗaya take gwaji a shekara, kuma ba ta ɗaukar yaron da ya haura shekara shida. Ilu na cikin ta shidan. Ba don Namadi ba, ko ƙofar wurin ba za su gani ba.

Sai Malama Lantana, maƙwabciya, tsohuwar malamar firamare. Wata uku tana zaunar da yaron a tabarma, ba ta karɓi ko ruwan sha ba. Yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba ya koma yana karanta jikin kwalin shayi. Ita ce wadda Barmani ta raɗa wa zancen kunnen, tana hawaye. Lantana ta ce, "Rufa wa yaronki asiri, 'yar nan. Na san irin makarantun nan. Suka ga an rubuta nakasa, ko zama ba za su bari ya yi ba." Da hannunta ta cika takardar neman shiga makarantar, ta rubuta lafiyarsa ƙalau. Ba don Lantana ba, da me zai shiga gwajin?

Barmani kuwa, me ba ta yi ba? Ita ta yi jinyarsa har ya tashi lokacin da kowa ya fitar da rai. Ita ta koya masa kallon bakin mai magana da juya kai a hankali, har ba wanda ya gane. Ba don ita ba, babu yaron ma balle makaranta.

Ranar gwaji aka shiga ofis. Mai tambaya ya ja kujera ya zauna ta hagun Ilu, kansa a kan takarda, ga injin wuta yana ruri a bayan taga. Ya yi tambaya, shiru. Ya sake, shiru. Yaron sai raba ido yake yana neman uwarsa. Barmani kuwa ta ga abin da ke faruwa.

Shugabar makarantar ta dube ta. "Maman yaro, ko akwai abin da ya kamata mu sani game da shi?"

Wayyo! Ga wan mijinta zaune a gefe. Maganar ta zo mata har maƙogwaro, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Namadi ya yi caraf ya ce, "Babu komai, ranki ya daɗe. Tsoro ne kawai."

Ba a ɗauke shi ba. Bayan mako biyu gaskiya ta fito, Namadi ya koma yana roƙo. Shugabar ta ce da an faɗa, kujera kawai za a juya, don suna da irinsa biyu a layin gaba. Amma an cike gurbi, baɗi kuma shekarunsa sun wuce. Ƙaramar makarantar ma ta rufe ɗauka. Yanzu Ilu yana inda yara ɗari da ɗoriya ke zaune a ƙasa, malami ɗaya yana ihu daga nesa. Abin da Lantana ta koya masa ma ya fara zubewa. Ni kaina in na gan shi da jakarsa, kau da kai nake.

Rannan Barmani tana zuba masa tuwo, ya ɗago ya dube ta.

"Inna, ai kin sani. Me ya sa ba ki gaya musu ba?"

Ta tura masa kwanon, ta juya wajen tukunya.

To, ga ku ga su. Namadi da ya zaɓi ƙofar da ake buɗewa sau ɗaya, ya kuma amsa abin da bai sani ba. Lantana da ta ɓoye don ta kare shi. Barmani da ta riƙe kunyar da mu muka koya mata. Duka ukun son yaron nan suke. Wane ne a cikinsu ya raba Ilu da karatu?