Mutumin da Ya Ɓoye Man Feshi

Ku gafarce ni, ya 'yan uwa. Ni ba malama ba ce, ban ma taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Labarin ne ya ƙi barina in yi shiru.

An yi wani mutum a fadamar Haɗeja, manomin attaruhu. Wata shekara jan ƙwaro ya sauka wa masu noman rani, ɗan mitsitsi kamar garin barkono. A bayan ganye yake maƙalewa, ya yi saƙa irin ta gizo-gizo, ya tsotse shuka har ta ƙanjame. Maganin kanti ya daina kashe shi.

Sai maƙwabtan gona suka haɗa hannu suka samo man darbejiya da man kanumfari. Ɗan kaɗan ake ɗigawa cikin ruwa mai yawa da sabulu, a fesa da yamma in rana ta yi sanyi. Kuma tare ake fesawa, don iska tana kwasar ƙwaron daga wannan gona zuwa waccan.

Wannan mutum aka ba amanar haɗawa, saboda shi ke jan su salla a bakin kogi.

Shaiɗan ya raɗa masa cewa in nasu ya mutu, nasa kaɗai zai shiga kasuwa. Sai ya riƙa cika musu jarkoki da ruwan sabulu, ya ɗan ɗiga man don ƙamshi, ya ɓoye sauran a bayan randa. Matarsa Mairam ta gani.

"Baban Musaddiq, wannan fa na jama'a ne."

"Ke da tukunya aka haɗa ki, ko da gona?"

Ta koma kan tukunyarta.

Kwanci tashi, ganyen maƙwabta ya fara zama ruwan ɗorawa, nasa kuwa kore shar. Wani tsoho, Baba Badamasi, wanda suka haɗa iyaka, ya shinshina jarkarsa, ya dubi mutumin.

"Malam, man ne ya yi sanyi, ko hancina ne ya tsufa?"

"Tsufa ne, Baba," in ji shi, yana dariya. Amma gumi ya jiƙa masa riga.

Tun daga ranar ba shi da sukuni. In mutum biyu suka tsaya magana, sai ya ɗauka da shi suke. Kullum yana tsugunne yana juya ganye. Wa ya taɓa cinna wa dangar maƙwabcinsa wuta ya zauna lafiya?

Ƙwaron ya cinye gonakin da ke kewaye da shi. Ina ya rage masa? Wani hantsi iska ta kaɗa daga gonar Baba Badamasi. Mutumin ya juya ganye, ya ga saƙa. Ya juya na gaba, saƙa. Ya ruga gida, ya kwaso man nan duka, ya juye a famfon feshi da ruwa ɗan kaɗan. Bai jira yamma ba. Da tsakar rana, rana irin ta Haɗeja, ya yi wa gonarsa wanka da shi.

Kafin la'asar ganye ya soye kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Fure ya zube. Ƙamshin kanumfari kuwa ya cika fadama. Manoma suka biyo shi da hanci har suka tsaya a kan iyakarsa. Ba wanda ya zage shi. Baba Badamasi ne kawai ya ce, "Ashe hancin nawa lafiya lau."

Da aka tada salla, ya matsa gaba kamar kullum. Sai aka ja wani.

Ya 'yan uwa, gona ta ƙone, wani ranin yana zuwa. Amma sahun da ya ƙi bin ka, yaushe zai dawo? Abin da aka ba ka riƙo ba naka ba ne, ko ɗigon mai ne. Mai cin amana da hannunsa yake haɗa abin da zai ƙone shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare mana shukarmu da mutuncinmu. Ku shafa. Kafin ku sauke hannu, ni na sulale.