Outi Da Dokar Wando

Jama'a ku matso! Wannan ba ji na yi ba, da idanuna biyun nan na gani, har da na hagun da likita ya ce ya mutu. Shekara talatin ni ke hura wutar ɗakin sirace, wato ɗakin wankan tururi, na benenmu a birnin Tampere, can ƙasar ƙanƙara, babu abin da ke wuce ni.

Akwai wata mata, Outi Kemppainen. Shekara goma sha takwas tana kula da tsofaffi, ta ɗaga wannan ta kwantar da wancan, har bayanta ya ce shi fa ya gaji. Sai ta ajiye aikin ta koyi rubuta manhajar waya. Amma duk kamfanin da ta je tambaya ɗaya ce: "Ina aikin da kika taɓa yi da sunanki a kai?" Babu. In kuwa sanyi ya wuce ba ta samu ba, sai komawa ɗaga tsofaffi da wannan bayan.

Shi ya sa ta shiga ƙungiyar masu manhaja da ke taruwa a ƙasan benenmu duk Alhamis. Maza goma sha ɗaya, ita kaɗai mace. Shugabansu Pertti, gemu kamar tsintsiya, baki kamar rediyo. A sha miyar wake, a bi da fanke, da an zo kan magana mai nauyi sai ya miƙe ya saɓa tawul.

"To samari, mu ƙarasa a sirace."

Maza su tuɓe su shige, a bar Outi da kwanonin miya. Mako ya zagayo ta tarar an gama yanke komai.

Ana nan sai wani gidan tsofaffi ya nemi a yi masa manhajar da ma'aikata za su riƙa rubuta wanda ya sha magani. Pertti ya ce da zanen yatsa za a riƙa buɗe ta.

Outi ta ce, "Pertti, safar roba fa suke sawa a hannu, yini guda."

"Sai su cire."

"Ka taɓa cire safar roba sau hamsin a yini, hannu duk gumi?"

"Ke Outi, ina wannan aikin tun kina share wa tsofaffi hanci. Samari, tawul!"

Aka shiga tururi, aka fito da zanen yatsa.

Outi ba ta yi faɗa ba. Wajena ta zo.

"Tsoho, lokacin siracen mata fa, yaushe ne?"

Na ce, "Talata ƙarfe huɗu. Shekara uku benci kawai nake gasawa."

Ta manna takarda a bakin bene: duk macen da ke son koyon manhaja ta zo ranar Talata, ba a tambayar makaranta, mai jariri ta zo da abinta. Ranar farko mutum biyu suka zo: Sirpa, abokiyar aikinta ta da, da Hodan direbar bas. Suka baje kwamfuta a teburin ɗakin canza kaya, ga kofi ga burodin kirfa. Kafin ƙanƙara ta rufe tafki sun kai goma sha huɗu. Suka haɗa tasu manhajar, wadda da ma'aikaciya ta kanga katin da ke rataye a ƙirjinta sai ta buɗe.

Ranar gwajin manhajar zanen yatsa a gidan tsofaffi Pertti ya sha kwat, har da taje gemu. Outi na tsaye can baya. Ma'aikaciyar farko ta danna da safa, waya ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta cire, ta danna da jiƙaƙƙen yatsa, shiru. Ta goge a riga, shiru.

Wata tsohuwa a kan keke ta ce, "Yaro, in kun gama ku tashe ni in sha maganin jiya."

Shugabar gidan ta ba su mako ɗaya, ko su gyara ko a manta da su.

Talata ƙarfe huɗu sai ga Pertti a bakin ƙofa cikin dusar ƙanƙara, daga shi sai tawul, don shi bai san ana neman shawara da kaya a jiki ba.

Sirpa ta leƙo. "Mai gemu, ka ɓata hanya? Yau ta mata ce."

"Outi nake nema. Na ji kuna da wani ɗan abu na kati..."

Outi ta dube shi sama da ƙasa, ta saɓa tawul.

"To 'yan mata, mu ƙarasa a sirace."

Garam! Minti arba'in yana tsaye, yana jiyo dariya ta bayan bango bai san me ake cewa ba. Da suka fito ya yi laushi.

Ya ce wa Outi, "Haka kike ji duk Alhamis?"

"Ni har da wankin kwanoni."

Ta ce za su ba da manhajar, amma da sharaɗi. Sunan mata goma sha huɗun nan duk ya hau kan aikin. Sannan daga yau ba a yanke shawara sai a kan tebur, ƙofa a buɗe, kowa da wandonsa.

Hodan ta ce, "Ka ji ko? Wando."

Ya ce ya ji.

Aka koma gidan tsofaffi, aka kanga kati, waya ta buɗe nan take. Tsohuwar nan ta sha maganinta, ta ce a ba mai gemu ma ƙwaya ɗaya. Kafin ƙanƙara ta narke Outi ta sami aiki tana zaune a kujera, bayanta na sa mata albarka. Yanzu Alhamis mata sun fi rabin ɗakin, Pertti ke wanke kwanoni, kuma ya iya.

To, gaskiya ɗaya zan faɗa kafin Sirpa ta tona ni: zancen tawul cikin ƙanƙara ni na ƙara. Da rigar sanyinsa ya zo, har da hula. Amma minti arba'in ɗin nan, ni na duba agogo.

Darasi: In kuna yanke shawara a inda wasu ba za su iya shiga ba, kun kore su ko da ba ku ce su fita ba, kuma wataƙila wadda kuka bari a waje ita ke riƙe da amsar. Ku buɗe wa mata ƙofa a harkar fasaha. Ku tura wa wani Pertti da kuka sani.