Ranar da Asger Ya Kawo Kek Ɗin Kuskure

Asger ɗalibi ne a wani ɗakin binciken kimiyya a birnin Aarhus. Yana da kai, sai dai gaggawa. Tun da mahaifiyarsa ta rasu ya daina iya zaman jira, shiru nauyi yake masa.

Aikinsa lissafi ne a kwamfuta: yadda siraran bututan sinadarin kabon, waɗanda ido ba ya gani, suke juyawa su jeru idan an sakar musu ƙarfin lantarki. A cikin narkakken ƙaro ake zuba su, kuma da ya daskare, yadda suka kwanta haka za su dawwama. Kwalba ɗaya ta wannan haɗin ta rage wa masu binciken, kuma da lissafin Asger za a zuba ta.

Kwamfuta ta yi ta jan ƙafa. Don ta yi sauri, sai ya cire wani sashe na lissafin, wato makyarkyatar da ɗumi ke sa bututan suna yi. Nan da nan suka jeru a allo, kamar ciyawar bakin teku da iska ta shafa. Shugabarsu Gunvor ta yi murna, ta ce ranar Juma'a za a zuba.

Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya mayar da sashen don ya gani, bututan suka watse. Ashe ƙarfin lantarkin da ya ƙiyasta bai kai ba.

A al'adar ɗakin binciken, wanda ya yi kuskure shi ke kawo kek, ya faɗi laifinsa kafin a yanka. Da safiyar Juma'a Asger ya shigo da farantin kek.

"Wa ya yi ɓarna?" in ji abokin aikinsa Villads. "Kai ne? Madalla, dama ban karya ba!"

"Gunvor, kada a zuba," in ji Asger, ya faɗi komai.

Gunvor ta ce, "Da ka yi shiru, da kwalbar nan ta tafi a banza. Yanka mana."

Villads ya gutsura. "Haba malam! Shi ma ba ka bari ya gasu ba, cikinsa ɗanye!"

Kowa ya tuntsire. Asger ya ji muryarsa a cikin masu dariyar, har ya yi mamaki, don rabonsa da dariya tun rasuwar mahaifiyarsa.

Suka bar kwamfuta ta gama a nata lokacin, suka ƙara ƙarfin, suka zuba. Bututan suka jeru.

Darasi a nan: gaggawa kan nuna maka abin da kake son gani, ba abin da yake akwai ba. In ta kayar da kai, faɗi da bakinka tun ana iya gyarawa.