Mutumin da Ya Toshe Jemagu a Cikin Rufinsa

Akwai wani mutum da ya gina gida mai kyau a bakin hanya, ya rufa shi da kwano, ya sa masa silin fari tas. Duk mai wucewa sai ya yaba, shi kuwa yana jin daɗin yabon nan ƙwarai.

Ana nan sai jemagu suka sami wata 'yar kafa tsakanin bango da kwano, suka shige, suka tare a cikin rufin. Kafin damina ta fita sun hayayyafa. Kashinsu ya fara zubowa ta gefen silin a ɗakin da tsohuwarsa take kwana, har tari ya kama ta.

Sai aka yi sanarwa a coci cewa addu'ar gida-gida ta mako mai zuwa a gidansa za a yi. Hankalinsa ya tashi. Ya kwaɓa siminti, ya jingina tsani da tsakar rana, lokacin da unguwa ta yi tsit.

Matarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Maigida, yanzu fa duk suna ciki suna barci. Ka bari sai faɗuwar rana, in sun fita kiwo, sa'an nan ka toshe."

Ya ce, "Faɗuwar rana? Lokacin da kowa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida? A gan ni a kan tsani, jemagu suna tuttuɗowa daga rufina? Ba da ni ba."

Ya hau ya liƙe kafar, ya bi wurin da farar ƙasa, har ba mai cewa an taɓa shi. Da yamma ko jemage ɗaya bai fito ba, ya ce a ransa, "Shi ke nan." An yi ta jin kuka da karce-karce a sama. Bayan 'yan kwanaki wannan ma ya ɗauke.

Sa'an nan wari ya sauko. Matarsa ta yi turare, ta buɗe tagogi, a banza. Tarin tsohuwa ya tsananta, ta kasa cin abinci.

Ranar addu'a 'yan'uwa suka cika falo. Ana cikin raira waƙa sai tsutsa ta faɗo daga silin a kan littafin wata mata. Waƙa ta tsaya. Wani dattijon ikilisiya ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan'uwa, me ke cikin rufin nan?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ya yi.

Dattijon ya ce, "Ayya! Ai nawa rufin ma sun taɓa shiga. Da ka yi magana, da mun zo mun riƙe maka tsani."

Washegari aka kai tsohuwa asibiti. Maza suka taru suka ɓamɓare silin gaba ɗaya, suka yi ta fitar da mushe a kwando, unguwa duka tana kallo.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan shi ne zuciyar mutum, jemagun kuwa zunubi ne da ya shigo ta 'yar ƙaramar kafa. Fitarsu a idon jama'a ita ce furta laifi. Simintin shi ne ɓoyewa. Da yawa cikinmu mun daina aikata wani mugun abu, muka ce magana ta ƙare, alhali ba mu taɓa furta shi a gaban Allah ba, ba mu kuma nemi gafarar wanda muka cuta ba. Zunubin da aka toshe a ciki ba ya ɓacewa, ruɓewa yake yi, kuma mutanen gidanka ne suke fara shaƙar warinsa. In akwai abin da ka liƙe a zuciyarka, buɗe shi yau. Ka faɗa wa Ubangiji, ka je wurin wanda ka yi wa laifi. Za ka ji kunya, gaskiya ne, amma Mai Cetonmu bai taɓa korar wanda ya zo masa da kunyarsa ba.