Kurege da Waƙoƙin Iya Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku!

To, ban ji amsa ba. Ladiyo, ke ma buɗe baki. Yawwa, ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwar kurciya ce, ana ce mata Iya. 'Ya'yanta duk shaho ya kwashe su tun suna ƙanana, sai ta koma rainon 'ya'yan wasu. Kullum da safe iyaye mata za su tafi gona, sai su ajiye mata yaransu a gindin ɗorawa: 'ya'yan Zomo, 'ya'yan Bushiya, da ɗan Gada mai yawan majina. Iya ta yi ta musu waƙa suna amshi. Waƙoƙin ba wuya, ko jiya ka fara magana za ka iya.

Ta ce, "Wa ya ga ɗan tsako?"

Su ce, "Ga shi can, ga shi can!"

"Ina ya sa baki?"

"Cikin ƙwarya, cikin ƙwarya!"

Da yamma iyaye su dawo, wannan ta ba ta gyaɗa, wannan aya, wannan ɗan tsaki.

Kurege yana leƙe daga bayan suri, yawu na zuba. Ran nan sai ya je ya durƙusa.

"Iya, sannu da aiki. Na ji muryarki ta fara dishewa. Ki koya mini, ki kwanta ki huta, ni in riƙe miki yaran. Abin da aka bayar in kawo miki har gida."

Iya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Ta koya masa ɗaya, ta koya masa biyu. Za ta koya masa ta uku, ta lallashin mai kuka, Kurege ya ce, "Bar ta haka, Iya, kaina ya cika." Hankalinsa yana kan gyaɗa.

Gari ya waye, ya ce wa yara Iya ta tafi ganin dangi. Ya yi waƙa, aka ba shi gyaɗa, ya cinye a hanya. Ya je ya ce, "Iya, yau ba su ba da komai ba, shekara ta yi tsanani." Iya ta ce, "Ba komai." Gobe ya ci, ya ɓoye saura, ya ce babu, ta ce ba komai. Jibi ma haka. Kurege ya yi ta ƙiba har waƙar ta karkace a bakinsa.

Ya ce, "Wa ya ga gyaɗa?"

Yara suka ce, "Ga ta can, ga ta can!"

"Ina ta shiga?"

"Cikin Kurege, cikin Kurege!"

Ana nan, sai ga Kura da rana tsaka, goye da 'yarta. Kwana uku 'yar tana kukan haƙori, idon Kura ya yi ja wur.

Ta ce, "Kai ne mai waƙa?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"In ta yi shiru, ka sami cinyar akuya. In ba ta yi ba, kai ne akuyar." Ta take masa wutsiya.

Kurege ya yi ta farko, 'ya ta ƙara kuka. Ya yi ta biyu, ta ƙara. Ya koma ta farko. Kura ta fara lasar baki.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai kin take makullin muryar. Da wutsiya nake buɗe ta ukun."

Kura ta ɗaga ƙafa. Fit! Kurege ya ɓace.

Bai zame ko'ina ba sai gidan Iya. Ya same ta kwance, fukafukai a sake, ƙashin ƙirjinta a waje.

"Iya, ki cece ni! Waƙar nan ta uku!"

Ta dube shi. Ta ce, "Ɗan nan, kullum ka ce mini babu, ina jin ƙanshin gyaɗa a bakinka. Ban damu da gyaɗar ba. Muryar yaran ce ban ƙara ji ba. Ɗan Gada har yanzu yana majina?"

Kurege ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yana yi."

"To, goya ni. Ba zan iya tashi ba."

Ya goya ta, sai ya ji kamar ya goya busasshen ganye. Suka iso gindin ɗorawa, yara suka yi tsalle, "Iya ta dawo! Iya ta dawo!" Iya ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai "Kuu... kuu..." Yaran kuwa sun san sauran. Suka ɗauka a hankali:

"Kuu, kuu, rufe ido,
Inna ta tafi rafi,
Za ta ɗebo miki sanyi,
Kuu, kuu, rufe ido."

Suka maimaita, suka sake maimaitawa. 'Yar Kura ta yi ajiyar zuciya, ta sa yatsa a baki, ta yi barci. Yara ba su daina ba, don ba wanda ya ce su daina. Kurege ne kaɗai ya ji lokacin da kan Iya ya kwanta a kafaɗarsa, bai ƙara ɗagowa ba.

Ya sauke ta a ƙasa. Ɗan Gada ya ce, "Iya ma ta yi barci?"

Kura ta matso, ta shinshina. Ta ce, "Allah sarki, tsohuwar kirki. To, tunda abin ya faru, kada a bar nama ya lalace."

Kurege ya share ido, ya ce, "Ɗauki, ranki ya daɗe. Sai dai ki sani, waƙoƙin suna nan a cikinta. Duk ranar da kika laɓe za ki kama akuya, cikinki zai ce, wa ya ga ɗan tsako? Garke duka su amsa, ga shi can!"

Kura ta ja da baya, ta ce ita dama ba ta cin tsuntsu. Ta gyara goyo ta yi gaba. Cinyar akuya kuwa har yau ba ta aiko ba.

Kurege ya tona rami a gindin ɗorawa da farcensa. Ya kwantar da Iya, ya kwaso duk gyaɗar da ya ɓoye ya zuba a gefenta, ya rufe. Iyaye suka dawo daga gona suka tarar da shi zaune, yara kewaye da shi, babu mai waƙa. Ya faɗa musu komai, bai rage ba. Uwar 'ya'yan Zomo ba ta zage shi ba. Ta kama hannun 'ya'yanta kawai ta wuce.

Ya yi kwana biyu a wurin yana kuka. Rana ta uku yunwa ta ci ƙarfinsa, ya tono rabin gyaɗar, yana ci yana kuka, yana cewa, "Iya, ki yafe, rabi kawai."

Ƙurunƙus, kan kurege mai kumatu. Duk wanda zai koyi waƙa wurin tsohuwa ya tsaya har ta ukun, kuma in zai yi mata ƙarya, ya fara kurkure baki.